Yadda Kwamfuta Ta Karɓi Rabon Mai Daga Hannun Kafireta

Shekaru aru-aru kafireta ce ke raba wa injin mota mai. Iskar da inji ke zuƙa takan bi ta wani matsattsen wuri, ta ja fetur ta tafi da shi, shi ke nan. Bakanike mai kunne yakan murɗa sukuru, ya saurari ƙarar inji, ya ce ta zauna. Sai dai aikinta kirdado ne: ba ta san sanyin asuba ba sai an ja mata cok, ba ta kuma san iska ta ragu a kan tsauni ba.

Kamfanin Bendix na Amurka ne ya fara gwada mayar da aikin hannun lantarki. A 1958 Chrysler ya sa na'urarsa mai suna Electrojector a wasu motoci ƙalilan, amma kayan lantarkin wancan zamani ba su jure zafi da danshi ba, aka mayar wa yawancinsu kafireta. Bosch na Jamus ya karɓi fasahar ya gyara, a 1967 ya fito da D-Jetronic a cikin Volkswagen 1600.

Duk da haka, da don son ran masu ƙera motoci ne, da kafireta ta daɗe, don ta fi arha nesa ba kusa ba. Hayaƙi ne ya kore ta. Tun farkon shekarun 1950 wani masani, Arie Haagen-Smit, ya nuna cewa hazon da ke turnuƙe Los Angeles yana sa idanu ƙaiƙayi, hayaƙin motoci ne da rana ta dafa. A 1970 majalisar dokokin Amurka ta zartar da dokar tsabtace iska, wadda ta nemi a rage wasu gurɓatattun abubuwan da ke fita daga salansa da kashi 90 cikin ɗari. Daga 1975 aka fara sa wa motoci matatar hayaƙi a cikin salansa, aka kuma koma ga fetur marar dalma, don dalma na kashe matatar.

A nan gizo ke saƙa. Matatar da ke iya tace manyan gubobi uku a lokaci guda ba ta aiki sosai sai cakudar ta tsaya daidai, wato giram 14.7 na iska ga giram 1 na fetur. In mai ya ɗan yi yawa, guba biyu su wuce. In ya ɗan gaza, ta ukun ta wuce. Babu kafiretar da za ta riƙe wannan ma'auni a kowane hali. A 1976 Bosch ya samar da sansar iskar oksijin, Volvo ya fara sa ta a motocin da ya kai Kalifoniya. Ana ɗaura ta a jikin salansa, kuma in ta yi zafi takan ba da lantarki tsakanin bolt 0.1 da 0.9: ƙasa na nufin mai ya gaza, sama na nufin ya yi yawa. A ganina wannan 'yar aba ta fi kwamfutar kanta muhimmanci a tarihin nan, don da ita ce inji ya fara duba sakamakon aikinsa yana gyara kansa.

A 1979 Motronic na Bosch ya shiga BMW 732i, ya haɗa rabon mai da tartsatsin fulogi a ƙwaƙwalwa guda. General Motors ya bi da tasa kwamfutar a motocinsa na 1981.

Abin da kwamfutar ke yi bai canza sosai ba tun lokacin. Famfo yana riƙe mai da matsi a bayan nozul, ita kuwa lokaci kawai take yankewa: ta buɗe nozul na kaso kaɗan cikin dubu na daƙiƙa, ta rufe. Kafin nan ta karanta gudun inji, yawan iskar da ta shiga, zafin ruwan lagireto da yadda direba ya taka totur, ta duba jadawalin da aka rubuta mata a masana'anta. Da sanyin safiya takan ƙara mai. In an ɗaga ƙafa a gangara takan yanke shi gaba ɗaya, abin da masu sakin giya don tattalin mai ba su cika sani ba.

Dokokin hayaƙin Turai na farkon shekarun 1990 suka ƙarasa kafireta a can, daga 1996 kuma Amurka ta wajabta wa kowace sabuwar mota soket iri ɗaya na karanta matsala, OBD-II. Lokacin da irin waɗannan motoci suka fara kwararowa Najeriya ta Kwatano, sun tarar da makanikai da suka goge a kan Peugeot 504 ta Kaduna. Da yawa suka riƙa cire injekta suna dasa kafireta, kamar yadda aka yi wa motocin Chrysler a baya. Sai da na'urar karanta matsala ta yi arha, 'yan rewaya suka koyi aiki da ita, sannan abin ya ragu.