Darasin Itace: Yadda Kakanninmu Suka Koyi Gini a Kurmi

Duk wanda ya yi niyyar kafa sito ko rumfar dabbobi ta katako da hannunsa a wannan Zango namu, kafin ya ɗauki zarto ya kamata ya san cewa tambayar da ke gabansa tsohuwa ce. Kakanninmu sun fuskance ta tun ranar da suka sauke kaya a Kumasi.

A ƙasar Hausa bango ne ke ɗaukar rufi. Magini ya jera tubali, ya shimfiɗa azara ta giginya, ya zuba ƙasa a kai, sai soro ya tsaya. Da wannan fasaha Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina masallacin Juma'a na Zariya. Fatake kuwa da suka bi hanyar Gwanja neman goro, iyakarsu Salaga a da. Bayan yaƙin basasar Salaga na 1892, da shigar Turawan Ingila Kumasi a 1896, sai hanya ta buɗe, masu gida da 'yan goro suka gangaro kurmi. Nan suka tarar da damina biyu a shekara guda, da laimar da ba ta barin ƙasa ta bushe. Soro mai shimfiɗaɗɗen rufi ba zai jure wa wannan ruwa ba.

In kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza. Tonawa, masu ƙasa, da itace suke farawa: su kafa dirkoki, su ɗaure gora a tsakani, su yaɓa ƙasa, su ɗora jinka mai tsini don ruwa ya zube nan take. Wato ƙashin gini shi ke ɗaukar nauyi, bango sutura ce kawai. Wanda ke son ganin irin wannan aiki ya je Besease kusa da Ejisu, inda ɗaya daga tsofaffin gine-ginen Asante da UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 1980 yake tsaye har yau.

Jirgin ƙasa daga Sekondi ya iso Kumasi a 1903, kwanon rufi da ƙusa suka samu hanyar shigowa. Sai kuma 1924, shekarar da annobar da ɓeraye ke yaɗawa ta auka wa garin. A bayanta ne hukuma ta gina gidajen Sabon Zango. Tun daga nan ya bayyana cewa wurin ajiyar hatsi da ɓera zai samu maɓoya a cikinsa ba asarar dukiya kaɗai yake jawowa ba, har da ta rai.

Me mai gini na yau zai ɗauka daga wannan tarihi? Na farko, zaɓen itace. Odum, wanda a Arewa ake kira loko, yana jure wa gara da ruɓa, shi ya dace da ginshiƙi. Wawa kuwa sauƙin kuɗinsa kada ya ruɗe mu. Laushi gare shi, ya fi dacewa da aikin cikin ɗaki. Na biyu, kada ƙafar ginshiƙi ta taɓa ƙasa: a ɗora ta kan dutse ko siminti, yadda manomi ke ɗora rumbu kan duwatsu. Na uku, a haɗa ƙashin ginin a ƙasa, a tayar da shi da taimakon maƙwabta, a tokare kusurwoyi da katako a karkace don kada iska ta kwantar da shi. Na huɗu, rufi ya yi gangara, bakinsa ya zarce bango.

Akwai kuma abin da kakanni ba su sani ba. Kurmin da ya ba su itace ya ja baya, kuma tun 1998 dokar Ghana ta hana sayar da katakon da aka tsaga da injin sarƙa. Saboda haka a nemi na halal a kasuwar katako irin ta Sokoban, inda aka mai da kafintocin Anloga, a kuma tambayi asalinsa.

Har yanzu akwai dattawa a cikinmu da ke gane odum da nauyinsa a hannu. Mu zauna da su tun suna raye. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya sa albarka a abin da za mu gina.