Jikin Mace a Zanen Turawa da Amsar Masu Zanen Khartum

1.0 Gabatarwa

A makarantun koyon zane na Turai, tun daga ƙarni na 16, babu darasin da aka ɗauka da muhimmanci kamar zana jikin ɗan'adam ba sutura. Ɗalibi yakan zauna gaban mutum tsirara, ya auna gaɓoɓinsa da ido, ya sauke su a takarda. Wannan maƙala za ta kwatanta zane uku na Turawa da suka shahara a wannan fanni, sannan ta dubi abin da ya faru lokacin da 'yan Omdurman biyu suka koyo wannan ilimi a Landan suka dawo gida. Abin lura a nan shi ne, ma'anar zanen mace tana rataye da tambaya biyu: wa ya zana ta, kuma don idon wa?

2.0 Zane Uku na Turawa

Na farko shi ne Venus ta Urbino, wanda Titian, mutumin Benis a Italiya, ya kammala a 1538. An nuna wata mace kwance kan farin zanen gado, ɗan kare yana barci a ƙafarta, kuyangi biyu suna buɗe akwati a can ƙuryar ɗaki. Sunan Venus, wato abar bautar Romawa mai kula da soyayya, shi ne ya zama mayafin zanen. Muddin aka ce ba 'yar'adam ba ce, babu mai ganin laifin basaraken da ya rataye ta a gidansa.

Na biyu shi ne Babbar Odalis, wanda Ingres, Bafaranshe, ya zana a 1814. Kalmar ta fito daga Turkanci, tana nufin kuyangar ɗaka, amma Turawa suka fassara ta da ƙwarƙwarar sarki. A nan mayafin ya sauya daga tatsuniyar Romawa zuwa ƙasashen Gabas: ga rawani, ga mafici na gashin ɗawisu, ga tukunyar hayaƙi. Ingres bai taɓa taka ƙasar Turkiyya ba. Har ila yau, ya ƙara wa matar tsawon gadon baya fiye da yadda halitta take, domin kawai layin ya yi masa daɗin kallo. Ke nan, ba wata mace takamaimai ya zana ba, mafarkin Turawa ne game da matan Musulmi na kulle, waɗanda ba su da ikon gani.

Na uku shi ne Olympia na Manet, wanda aka zana a 1863, aka nuna a Faris a 1865. Manet ya ɗauki tsarin Titian, ya cire mayafin. Matar 'yar Faris ce, mai suna Victorine Meurent, an nuna ta a matsayin karuwa, tana kallon mai kallonta ido cikin ido. A maimakon kare, baƙar kyanwa ce a ƙarshen gadon. Jama'a suka fusata, alhali sun saba ganin tsiraici a wannan zaure kowace shekara. Abin da ya ɓata musu rai shi ne an nuna musu kansu a matsayin masu ciniki.

A gefen gadon akwai wata baƙar mace cikin cikakkiyar sutura, tana miƙa furanni. Sunanta Laure. Fiye da shekara ɗari masana suna rubutu kan farar, suna tsallake baƙar. A 2019 gidan zane na Orsay ya yi baje koli kan baƙaƙen fata a zanen Faransa, inda aka fito da tarihinta fili.

3.0 Sudan Kafin Makarantar Turawa

Ƙasar Sudan ba baƙuwa ba ce ga zanen mace. A Naga, arewa maso gabashin Khartum, akwai haikalin da aka gina wajen ƙarni na farko bayan haihuwar Annabi Isa. A ƙofarsa an sassaƙa sarauniya Amanitore, kakkaura mai faɗin ƙugu, tsayinta ɗaya da na sarki Natakamani, ta kama gashin abokan gaba tana shirin saran su. Ƙibarta alamar mulki ce. Bayan zuwan Musulunci, fasahar jama'a ta fi karkata ga rubutun Larabci, da zayyana, da adon ƙwarya, fata da faifai.

A tsakiyar shekarun 1940 ne Ingilishi suka buɗe sashen koyon zane a Kwalejin Gordon ta Khartum, wanda daga baya ya zama kwalejin zane. Ɗaliban da suka yi fice akan tura su Ingila ƙaro ilimi.

4.0 Ibrahim El-Salahi

An haifi El-Salahi a Omdurman a 1930, mahaifinsa malamin makarantar allo ne. Daga 1954 zuwa 1957 ya yi karatu a makarantar Slade ta Landan, inda zana mutum tsirara yake cikin tushen darasi. Da ya dawo, ya baje aikinsa na Landan a Grand Hotel na Khartum. Jama'a ba su yi zanga-zanga ba, ba su kuma yaba ba. Bayan ranar buɗewa, sun daina zuwa kawai. Wannan shiru ya fi zagi ciwo.

El-Salahi bai zargi mutanensa da jahilci ba. Ya shiga gidaje ya duba abin da suke ratayewa a bango, ya tarar ayoyi ne da kayan ado na hannu. Sai ya koma ga allo da tawada. Ya riƙa warware harafin Larabci har siffar mutum, ko tsuntsu, ko jinjirin wata ta fito daga cikinsa. Shi da Ahmed Shibrain da Kamala Ishag ake kira jagororin Mazhabar Khartum. A 2013 gidan zane na Tate Modern a Landan ya yi babban baje kolin ayyukansa.

5.0 Kamala Ibrahim Ishag

Ita ma 'yar Omdurman ce, an haife ta a 1939, ta yi karatu a Kwalejin Sarauta ta Zane a Landan daga 1964 zuwa 1966. Ita ce ta mayar da amsa kai tsaye kan batun mace. Ta yi bincike kan zar, wato tsafin iskoki na matan Sudan, wanda wani reshensa ake kira zar bori, kuma Bahaushe zai gane kamanninsa da borin gida. A irin wannan taro mata ne ke kiɗa, su ke hawa, su ke kallo.

A zanen Kamala da wuya a ga mace ɗaya kwance tana jiran ido. Mata ne a da'ira, ko kewaye da akushi, fuskokinsu a murɗe, wasu jikinsu ya haɗe da ganye da saiwa. A zanen Mata Cikin Akwatunan Gilashi na 1984, kowace fuska tana kulle cikin ɗan akwati, ana ganin ta amma ba ta da mafita. Ingres ya leƙa kulle daga waje ya ga ni'ima. Kamala, wadda ta tashi cikin mata, ta zana abin da na ciki ke ji.

6.0 Kammalawa

An ga yadda Turawa suka sa wa tsiraici suna uku: abar bauta, ƙwarƙwara, da karuwa, kuma a duk ukun namiji ne mai zane, namiji ne galibi mai saye. Masu zanen Khartum sun riƙe ƙwarewar hannu da suka koyo a Landan, suka ajiye darasin tsiraicin domin ba ya magana da mutanensu. Yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya tarwatsa masu zanen Khartum da dama zuwa Alkahira da Nairobi, aka kuma wawashe gidan tarihi na ƙasa. Wannan ya sa sanin ayyukan El-Salahi da Kamala ya ƙara zama wajibi ga ɗalibin al'adun Afirka.