Zazzago wando: Asalin yayin da tarihin dokokin da aka kafa don hana shi

Cikin salon suturar da matasa suka runguma a shekaru talatin da suka wuce, da wuya a samu wanda ya jawo ƙorafin iyaye da malamai da hukumomi kamar zazzago wando, wato ɗaura wando ƙasa da ƙugu har gajeren wandon ciki ya bayyana. Yayin ya samo asali ne daga Amurka, ya bi waƙoƙi da talabijin ya shiga sassan duniya, har ya iso biranen Najeriya, inda wasu samari ke kiran sa da "as-dawun", lafazin da suka aro daga Turanci. A ƙasar da ya fito, koken manya ya kai ga kafa dokoki, da cin tara, da ɗauri, da shari'o'i a kotu, kafin daga baya wasu biranen su soke dokokin da kansu.

Inda yayin ya fito

Bayanin da ya fi yaɗuwa shi ne cewa salon ya faro ne a gidajen yarin Amurka. A can ana karɓe bel daga hannun fursunoni don kada su rataye kansu da shi ko su mayar da shi makami, kuma kayan da ake raba musu ba a cika auna su daidai jikin kowa ba. Saboda haka wando kan zame ƙasa. Waɗanda suka gama zaman kaso suka koma unguwanninsu da wannan ɗabi'a, ƙananan yara kuma suka ɗauke ta a matsayin alamar taurin rai.

Akwai bayani na biyu da ke danganta salon da talauci. A gidajen marasa ƙarfi, ƙane kan gaji wandon yayansa tun kafin jikinsa ya cika shi, ko kuma iyaye su sayi mai girma don yaro ya daɗe yana sawa. Wani zance na uku da ake yawan yaɗawa, cewa fursunoni na zazzago wando ne don nuna alamar neman maza, masu bin diddigin jita-jita sun bincika ba su samu hujjar da ta tabbatar da shi ba.

Abin da babu saɓani a kansa shi ne rawar da mawaƙan hip-hop suka taka a farkon shekarun 1990. Su ne suka fitar da salon daga lungunan biranen New York da Los Angeles zuwa allon talabijin. Kamfanonin tufafi ma suka ga kasuwa a ciki. A 1992 kamfanin Calvin Klein ya yi wani shahararren talla da Mark Wahlberg, wanda a lokacin mawaƙi ne, kuma tun daga nan bakin gajeren wando mai ɗauke da sunan kamfani ya zama abin da ake so a gani. Matasa fararen fata da baƙaƙe da 'yan asalin Latin Amurka duk suka shiga yayin.

Abin da manya ke kuka da shi

Ƙorafin manya a Amurka ya ta'allaƙa ne a kan abubuwa uku. Na farko rashin kunya, domin suna ganin nuna kayan ciki a bainar jama'a cin fuska ne ga mata da yara da tsofaffi. Na biyu alaƙar salon da kurkuku da ƙungiyoyin 'yan daba, abin da ya sa iyaye ke tsoron 'yan sanda su riƙa kallon 'ya'yansu a matsayin masu laifi. Na uku neman aiki, domin masu ɗaukar ma'aikata kan yanke hukunci tun daga shigar mutum.

Da yawa daga cikin waɗanda suka fi ɗaga murya baƙaƙen fata ne, fastoci da 'yan majalisa da malaman makaranta, waɗanda ke ganin salon yana zubar da mutuncin da iyayensu suka sha wuya kafin su samu a zamanin fafutikar neman 'yanci. A 2010 Eric Adams, wanda a lokacin sanata ne a majalisar jihar New York, kuma daga baya ya zama magajin garin birnin, ya kakkafa allunan talla a unguwar Brooklyn yana kira ga samari su ɗaga wandunansu.

Barack Obama ma ya tofa albarkacin bakinsa a wata hira da tashar MTV, dab da zaɓen Nuwamban 2008. Ya nuna cewa kafa doka a kan wando ɓata lokaci ne ga hukumomin da ke da matsalolin aikin yi da ilimi da lafiya a gabansu, amma duk da haka ya ce ya kamata samari su ɗaga wandunansu saboda girmama iyayensu mata da kakanninsu.

Daga ƙorafi zuwa doka

A 2004 wani ɗan majalisar jihar Louisiana, Derrick Shepherd, ya gabatar da ƙudurin haramta salon a faɗin jihar, amma majalisar ta yi watsi da shi. A Fabrairun 2005 majalisar wakilan jihar Virginia ta amince da tarar Dala 50 ga duk wanda ya bayyana kayan cikinsa, sai dai kwamitin majalisar dattawan jihar ya kashe ƙudurin cikin 'yan kwanaki, bayan da kafofin watsa labarai na ciki da waje suka mayar da shi abin dariya.

Da jihohi suka kasa, sai ƙananan hukumomi suka karɓi ragamar. A Yunin 2007 ƙaramin garin Delcambre da ke Louisiana ya kafa dokar da ta tanadi tarar da za ta iya kaiwa Dala 500 ko ɗaurin wata shida. A shekarar kuma birnin Shreveport na jihar da birnin Opa-locka na Florida suka kafa nasu. A 2013 garin Wildwood na jihar New Jersey ya hana tafiya a kan dandalin shaƙatawarsa na bakin teku da wandon da ya sauka fiye da inci uku daga ƙugu. Jihohin Florida da Arkansas kuwa sun taƙaita nasu dokokin na 2011 ga makarantun gwamnati kawai.

Lamarin ya tsallaka har fagen wasanni. A gasar Olamfik ta lokacin sanyi da aka yi a Vancouver a 2010, hukumomin Japan sun hana ɗan wasansu Kazuhiro Kokubo halartar bikin buɗe gasar, saboda an gan shi a filin jirgin sama da kayan tawagar ƙasar, wando a zazzage, riga a waje, laktayi a sake.

Inda dokokin suka ci karo da cikas

Ƙungiyoyin kare haƙƙin jama'a irin su ACLU sun yi adawa da dokokin tun farko. Hujjarsu ita ce tsarin mulkin Amurka ya kare 'yancin mutum na bayyana kansa, kuma dokokin za su ba 'yan sanda damar tare samari baƙaƙe su caje su ba tare da wani laifi na haƙiƙa ba.

A birnin Riviera Beach na Florida, masu jefa ƙuri'a sun amince da irin wannan doka da gagarumin rinjaye a 2008. Cikin watan Satumbar shekarar aka kama wani yaro mai shekara 17 a ƙarƙashinta, ya kwana a tsare, kuma alƙalin da ya saurari batun ya yanke cewa dokar ta saɓa wa tsarin mulki.

Abin da ya faru a Shreveport ya fi kowanne tayar da hankali. A Fabrairun 2019 wani ɗan sanda ya yi yunƙurin tare wani mutum mai shekara 31 saboda wandonsa. Mutumin ya ruga da gudu, ɗan sandan ya bi shi ya yi harbi, mutumin kuma ya rasu. Likitan da ya binciki gawar ya ce raunin da ya yi ajalinsa shi ya harbi kansa, amma jama'ar gari suka tsaya a kan tambaya guda: me ya sa aka tare shi tun farko? Alƙaluman 'yan sandan birnin sun nuna cewa cikin mutum 726 da aka kama a ƙarƙashin dokar tun 2007, kashi 96 cikin ɗari baƙaƙen fata ne maza. A Yunin 2019 majalisar birnin ta soke dokar. Opa-locka ta bi sahu a Satumban 2020, bayan shekara 13 tana aiki da tata.

Rikicin ya girmi wannan yayi

Jayayya tsakanin manya da matasa a kan sutura tsohuwa ce. A Amurkar kanta, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, samari 'yan asalin Meziko da baƙaƙen fata sun yi yayin wata kwat mai tsawo da wando mai faɗi da ake kira zoot. Da yake gwamnati ta taƙaita amfani da ulu a ɗinki tun 1942 saboda buƙatun sojoji, sai aka riƙa kallon masu wannan shiga a matsayin marasa kishin ƙasa. A Yunin 1943 sojojin ruwa suka bazama titunan Los Angeles suna dukan samarin suna tuɓe musu kaya, tarzomar da ta ɗauki kwanaki.

A Afirka, ƙungiyar matasan jam'iyyar TANU mai mulkin Tanzaniya ta shelanta yaƙi da gajeren siket da matsattsen wando a ƙarshen 1968. Idi Amin ya haramta gajeren siket a Yuganda a 1972. A Malawi, gwamnatin Hastings Kamuzu Banda ta kafa dokar 1973 da ta hana mata sa wando da gajeren siket, aka kuma hana maza tara dogon gashi, dokar da ba a soke ba sai dab da ƙarshen mulkinsa a farkon shekarun 1990. A Koriya ta Kudu, zamanin Park Chung-hee, 'yan sanda sun riƙa yawo da abin awo suna auna tsawon siket, da almakashi suna rage gashin samari. Kusan duk waɗannan salo sun shuɗe ne lokacin da wani sabon yayi ya maye gurbinsu, wasu kuma suka zama shigar yau da kullum da ba mai ɗaga kai ya kalla.

Yadda lamarin yake a Najeriya

Salon ya shigo Najeriya ta finafinan Amurka da tashoshin tauraron ɗan'adam masu nuna waƙoƙi, irin su Channel O da MTV Base wadda ta fara aiki a Afirka a 2005. Mawaƙan cikin gida suka kwaikwaya, kasuwannin gwanjo irin na Ƙofar Wambai a Kano kuma suka sauƙaƙa wa matasa samun wandon jins da araha.

A ƙasar Hausa koken yana da tushe biyu, addini da al'ada. A fiƙihun Malikiyya da ake karantarwa a yankin, al'aurar namiji tana tsakanin cibiya da gwiwa, don haka wandon da zai zame a lokacin ruku'u ko sujada abin damuwa ne ga limamai da iyaye. A al'adance kuma wandon Bahaushe da tazuge ake ɗaure shi a ƙugu, riga ta sauka ta rufe shi, kuma kamala a shiga na cikin abubuwan da ake dubawa wajen ba saurayi aure ko amincewa da shi a harkar kasuwanci. Shi ya sa zazzago wando ya shiga jerin abubuwan da ake yi wa matasa faɗa a kansu, tare da yagaggen jins, da matsattsen wando, da askin da ke barin tozo a tsakiyar kai.

Jami'o'i da kwalejoji da dama a Arewa da Kudu suna da ƙa'idojin sutura da suka hana wannan shiga, kuma masu gadi kan mayar da ɗalibi daga bakin ƙofa. A Kano, hukumar Hisbah da aka kafa da dokar jiha a 2003 ta sha yin samame a kan shigar da ta kira ta rashin ɗa'a, har da aske wa samari gashi, matakin da wasu iyaye ke yabawa, lauyoyi da masu kare haƙƙin ɗan'adam kuma ke tambayar hurumin da doka ta ba ta na yin hakan. A matakin tarayya, Sanata Eme Ufot Ekaette ta gabatar da ƙudurin hana shigar banza a 2008, amma ya gamu da suka mai tsanani daga ƙungiyoyin mata da na lauyoyi, bai zama doka ba.

Masu goyon bayan tsawatarwa na kafa hujja da cewa ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma al'umma na da haƙƙin kare tarbiyyarta a tituna da makarantu. Masu adawa da tilastawa kuma na cewa zamani riga ne, kuma samame ya fi faɗawa a kan ɗan talaka mai tafiya a ƙasa, ya bar wanda ke cikin mota da irin wannan shiga. Suna kuma tunatar da cewa dattawan da ke faɗa a yau, da yawansu su ne samarin shekarun 1970 da suka tara suma, suka sa wando mai faɗin ƙafa da takalmi mai tudu, iyayensu na yi musu irin wannan faɗa.

Tarihin Amurka ya nuna bambanci tsakanin matakai biyu. Ƙa'idojin makarantu da wuraren aiki, waɗanda hukuncinsu bai wuce gargaɗi ko mayar da mutum gida ya sauya kaya ba, sun ɗore ba tare da wata babbar jayayya ba. Dokokin da suka miƙa batun ga 'yan sanda da kotu su ne suka haifar da shari'o'i da zargin wariya, kuma a Shreveport sai da aka rasa rai kafin majalisar birnin ta janye tata.