Tarihin Haɗakar Wutar Lantarki ta Afirka ta Yamma

Haɗakar Wutar Lantarki ta Afirka ta Yamma, wadda aka fi sani da WAPP, hukuma ce ta ƙungiyar ECOWAS mai tsara yadda ƙasashen yankin za su haɗa manyan layukan wutarsu, su riƙa saye da sayarwa a junansu. Hedikwatarta na Kwatano, a Jamhuriyar Benin.

Asali

Cinikin wuta tsakanin maƙwabta ya girmi hukumar. Tun shekarun 1970 Gana ke sayar wa Togo da Benin wutar madatsar Akosombo, Nijeriya kuma ke tura wa Nijar ta madatsar Kainji ta layin Birnin Kebbi zuwa Yamai. Sai dai kowace yarjejeniya ta ƙasashen da suka ƙulla ta ce kawai, babu hukumar yanki mai raba gardama idan an saɓa.

Kafuwa da dokoki

Shugabannin ECOWAS sun kafa WAPP a watan Disamban 1999, suka amince da kundin aikinta a Yamai a 2006. Ta ƙunshi ƙasashe 14. Yarjejeniyar makamashi ta ECOWAS ta 2003 ta buɗe wa masu zuba jari ƙofa, ta kuma ɗora wa ƙasashe nauyin rage illar ayyukan makamashi ga muhalli. A 2008 aka kafa hukumar ERERA mai mazauni a Accra, domin ta shimfiɗa ƙa'idojin ciniki, ta tsara yadda za a lissafa kuɗin wucewar wuta a layukan wata ƙasa, ta kuma sasanta rikici. An ƙaddamar da kasuwar yankin a watan Yunin 2018.

Mai amfani da wuta

Ikon ERERA ya tsaya ne kan wutar da ke ƙetare iyaka. Kuɗin da magidanci ke biya, da ƙorafin mita, suna hannun hukumomin ƙasa, irin su NERC a Nijeriya da ARSE a Nijar. Raunin tsarin cinikin wutar yankin ya fito fili a watan Agustan 2023, lokacin da Nijeriya ta katse wa Nijar wuta bisa takunkumin ECOWAS bayan juyin mulkin da aka yi a Nijar. A lokacin kuwa daga Nijeriya Nijar take samun mafi yawan wutarta, don haka asibitoci da masu sana'a suka ɗanɗana kuɗarsu, har zuwa Maris 2024 da Nijeriya ta ɗage takunkumin. Tun daga nan babban aikin da ke gaban yankin shi ne samar da dokar da za ta hana rikicin shugabanni jefa talaka cikin duhu.