Wa Ke da Ikon Kiɗa? Tarihin Ƙa'idar Kiɗan Fili a Ƙasar Tambuwal

Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa ƙa'idojin da suka daɗe suna tsare kiɗa a filin Allah a ƙasar Tambuwal da Kebbe ba ƙarar ganga suka dama da ita ba. Abin da suke tambaya shi ne wane ne ke kiɗan, wa ake yi wa, kuma don me.

Tambuwal ribaɗi ne da Muhammadu Buhari ɗan Shehu Usmanu ya zauna a cikinsa bayan jihadin 1804, ga shi kuma kusa da Gwandu, mazaunin Malam Abdullahi. Saboda haka garin ya tashi ne a tsakiyar muhawarar shugabannin jihadi game da kiɗa. A cikin Kitabul Farƙi, Shehu ya lissafa shagala da kiɗe-kiɗe dare da rana cikin halayen sarakunan Haɓe, amma ya keɓe buga tambari don wata bukata ta shari'a, kamar tara runduna, da sanar da tashinta ko saukarta, da shelar salla. A nan ne ya kamata mai nazari ya tsaya. Tambari ya fi goge da garaya amo nesa ba kusa ba, duk da haka shi ne aka halatta. Ke nan ma'aunin ba kunne ba ne, manufa ce. Daga baya Shehu ya sassauta a cikin Najmul Ikhwani, inda ya yi la'akari da saɓanin malamai, alhali Malam Abdullahi ya fi karkata ga tsanantawa.

A ganina sassaucin ne ya yi rinjaye, ko da yake ba ta fuskar da malaman suka nufa ba. Fada ta sake karɓar makaɗa, har a zamanin Sarkin Musulmi Abubakar III (1938-1988) aka san Salihu Jankiɗi da sarautar Sarkin Taushi. Kiɗan da ke bayan sarki ya sami mafaka. Wanda ya rage a rana shi ne kiɗan talaka, wato na bori da na 'yan mata a dandali da na maroƙa masu yawo.

Bayan Turawa sun ci Sakkwato a 1903, sai al'amarin ya koma hannun En'e. A garuruwan Arewa da dama, mai son tara jama'a da kiɗa sai ya nemi iznin uban ƙasa ko hakimi, dogarai kuwa su watsa wasan da ba shi da izni. A shekarun 1950, da siyasar NPC da NEPU ta yi zafi, wannan izni ya zama makami, domin kalangu ɗaya na iya yin yabo yau, gobe ya yi zambo.

Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya karɓe wannan iko daga En'e. Lasifika kuma ta kawo matsalar da littattafan jihadi ba su yi tanadinta ba, domin yanzu mai biki da mai wa'azi da ɗan siyasa duk da na'ura iri ɗaya suke hana maƙwabci barci. Sai a 2009 hukumar NESREA ta fitar da ƙa'idar tarayya wadda ke auna ƙara ita kanta, ba tare da duban matsayin mai ita ba.