Ruɓewar saiwa: Cutar da ke addabar gonakin banila

Banila shuka ce mai yaɗo wadda asalinta daga ƙasar Meziko yake, amma Madagaska ce ke kan gaba wajen nomanta, musamman yankin Sava da ke arewa maso gabashin tsibirin.

Babbar abokiyar gabarta ita ce wata ƙwayar cuta dangin funfuna mai suna Fusarium, wadda kan yi shekaru a cikin ƙasa.

Ta saiwa take shiga. Idan saiwar ta ruɓe, ruwa ba ya kaiwa ga ganye, sai shukar ta yi yaushi ta bushe.

Asarar ba ƙarama ba ce, domin sabon dashe kan ɗauki kimanin shekara 3 kafin ya yi fure.

Da yake reshe ake yanka a dasa, kamar rogo, kusan duk banilar da ake nomawa jinsi ɗaya ce, don haka abin da ya kama ɗaya zai iya kama saura.

Wannan ne ya sa masana ke haɗa ta da 'yar uwarta pompona mai jure cutar. Ta haka aka samar da irin Tsy Taitra a Madagaska.