Gyaɗa da borin jini a jikin yara: Yadda shawarar likitoci ta juya

Borin jini na abinci yana faruwa ne idan garkuwar jikin yaro ta ɗauki abinci marar illa, kamar gyaɗa ko ƙwai ko madarar shanu, a matsayin abokin gaba. Alamunsa kan fara da ƙuraje masu ƙaiƙayi, kumburin leɓe ko amai. Idan ya tsananta yakan toshe numfashi, har ya kai ga rasa rai.

A garin da kunun gyaɗa ke cikin abincin da ake fara bai wa jarirai, kamar Samaru da Jama'a da sauran unguwannin Sabon Garin Zariya, batun ba na nesa ba ne. A Samarun ne ma Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Jami'ar Ahmadu Bello ke fitar da irin gyaɗar nan mai suna SAMNUT.

A shekarar 2000, Ƙungiyar Likitocin Yara ta Amurka ta shawarci iyayen da ake da borin jini a danginsu da su hana yaro gyaɗa har sai ya kai shekara 3. A 2008 ta janye shawarar, domin babu hujja mai ƙarfi a bayanta. A wannan shekarar ce kuma masana suka lura cewa yaran Yahudawa da ke Birtaniya sun ninka na Isra'ila kusan sau 10 wajen kamuwa da borin gyaɗa, alhali na Isra'ila tun suna jarirai ake ba su wani abin taɓawa mai gyaɗa da ake kira Bamba.

Wannan ne ya haifar da binciken LEAP, wanda Farfesa Gideon Lack ya jagoranta a Landan, aka wallafa a 2015. An raba jarirai 640, 'yan wata 4 zuwa 11, masu matsanancin ƙaiƙayin fata ko borin ƙwai, gida biyu. Da suka kai shekara 5, kusan 17 cikin 100 na waɗanda aka hana gyaɗa sun kamu da borinta, amma a cikin masu ci kusan 3 ne kacal. Ashe hanin da aka yi don kariya shi ne ke buɗe wa cutar ƙofa. A 2017 Amurka ta sauya ƙa'idarta, kuma bibiyar yaran da aka wallafa a 2024 ta nuna kariyar ta bi su har tasowarsu.

Ba gyaɗa kaɗai abin ya shafa ba. An daɗe ana fatan shafa wa jariri mai kullum zai hana ƙaiƙayin fata, sai binciken BEEP na Birtaniya ya nuna a 2020 cewa bai hana ba. Madarar gwangwani ta musamman da aka yi ta tallatawa a matsayin rigakafi ita ma ta gaza, bayan nazarin da mujallar BMJ ta buga a 2016.

Saboda irin wannan juyi ne masana, musamman na ƙungiyar Cochrane, suka fito da tsarin nazari mai rai: maimakon a tattara sakamakon bincike sau ɗaya a rufe littafi, sai a riƙa duba sababbin rahotanni a kai a kai ana gyara hukunci. Sai dai gyara a mujallar Turanci daban, isar gyaran ga uwa a ɗakin awo daban. Ɗalibin Asibitin Koyarwa na Shika da ya yi karatu da tsohon littafi, ko uwar da ta ci karo da tsohon rubutu a Facebook, na iya riƙe shawarar 2000 har yau. Manomi yana da malaman gona da shirin rediyo masu kai masa labarin sabon iri. Uwa ma ta cancanci irin wannan hidima, da Hausa, kuma haƙƙi ne a kan hukumomin lafiya matakin farko.

Akwai kuma haɗarin kwaso sakamakon Turai a ɗora wa yaran Afirka ido rufe. A Gana, wani bincike na 2013 a kan 'yan makaranta ya gano gwajin jini na nuna alamar borin gyaɗa ga kusan 17 cikin 100, amma ƙasa da 2 cikin 100 ne gyaɗar ke damu. An danganta bambancin da cutar tsargiya, wadda ke rikita gwajin. Yaro mai irin wannan sakamako za a iya raba shi da abinci mai gina jiki, mai araha, ba gaira ba dalili.

Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Najeriya suna nan kan nono zalla na wata 6. Daga nan ake shigo da gyaɗa, niƙaƙƙiya cikin kunu, wadda ba ta yi fumfuna ba. Ƙwayar gyaɗa guda ko dunƙulen ƙuli-ƙuli na iya shaƙe ƙaramin yaro. Wanda ke fama da matsanancin ƙaiƙayin fata kuwa, ko ya taɓa kumbura bayan cin ƙwai, likita ne zai fara duba shi kafin a ba shi.